Kalmomin da Yaya Ya Kulle Kwamfutarsa da Su

Ni na kulle kwamfutar Yaya da hannuna, amma shi ya zaɓi mabuɗin. Lokacin sojoji sun jima da komawa bariki, an yi zaɓe har an sake yin wani, wayar hannu ta cika gari, kowa yana ɗaukar kowa hoto ko an so ko ba a so ba. Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta. Turare yake sayarwa a wajen Jakara, ni kuma ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata can wajen Ƙofar Kabuga. Gida ɗaya muke a Madabo, gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari. Inna tana ɗakinta na ƙurya, ni ina gefenta tun da aurena ya mutu na dawo, Yaya da matarsa da 'ya'yansa suna sashensu na kusa da soro.

Abin da ya jawo maganar kullewa ba a gidanmu ya faru ba. Wani ango a unguwa ya kai kwamfutarsa gyara, a cikinta akwai hotunan amaryarsa da ƙawayenta na ranar lalle, waɗanda mata suka ɗauka a tsakaninsu, ba mayafi ba ɗankwali. Kafin a ankara hotunan sun bi wayoyi, ana nuna su a majalisa da teburin mai shayi. Yarinyar ta daina leƙa ko ƙofar gida. Ranar da labarin ya iso wa Yaya, ya dawo daga kasuwa ko hula bai cire ba ya aika a kira ni.

Tasa laftof ce baƙa, 'yar gwanjo, ya saye ta ne don harkar kasuwa. Amma harkar kasuwa ba ta ci ko kusurwa ɗaya a cikinta ba. Yaya mutum ne mai son ɗaukar hoto, yana da wata 'yar kyamara da ba ta rabuwa da aljihunsa. Ya ɗauki yaransa suna wanka, suna kuka, suna haddar karatu. Ya ɗauki matarsa tana kitso, ya ɗauke ni ina faɗa da kaji. Yaran ma sukan karɓe kyamarar su ɗauke shi yana bitar karatunsu ko yana musu tatsuniya da muryar kura. Duk wannan a kwamfutar yake zubawa, bai taɓa wanke ko ɗaya ya sa a bango ba, don ya ce hoton iyali ba na idon baƙo ba ne.

Ya tambaye ni ko kalmar sirrin da yake sawa in ya kunna ta isa. Na ce masa wannan labule ne kawai, ba ƙofa ba. Mai gyara zai zare faifan da ke cikinta ya jona a wata na'urar, ya ga komai ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Abin da za a yi shi ne a kulle faifan gaba ɗayansa, har da ɓangaren da na'urar take tashi da shi, a cakuɗa duk abin da ke ciki ta yadda in ba a sa kalmomin da suka dace ba, ko wa ya zare shi shirme kawai zai gani. Na kuma ce zan yi masa wata taska daban a ciki, ita ma a kulle, ya riƙa zuba hotunan gida a can, ya buɗe in yana so, ya rufe in zai ba wani aro. Ya ce in yi duka biyun.

Aikin ya ci mana yini. Sai da muka tayar da janareta, don na gaya masa ba na son a ɗauke wuta ana tsakiyar cakuɗawa batirin nan nasa na gwanjo ya ba mu kunya. Na kuma buga masa faifan sidi na ceto, wanda ake gyara kullen da shi in ya sami matsala. Da muka zo kan kalmomin sirri na kafa masa sharuɗɗa kamar ina gaban 'yan ajina. Ban da sunansa, ban da sunan yara, ban da lambar waya. Ya ce to aya fa? Na ce ban da aya, don rabin 'yan kasuwar Jakara da Bismillah suke kulle komai nasu, kuma ɓarawo ma ya yi makarantar allo. Magana ce doguwa nake so, wadda shi ba zai taɓa mantawa ba, wani kuma ba zai taɓa hasashenta ba. Ya rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, a haɗe, ba tazara ba lanƙwasa, don allon farko da ke neman kalmomin ba ya gane haruffanmu.

Ya daɗe yana kallon madannan. Ni da ba ni da haƙuri har na fara buga ƙafa. Sannan ya ce akwai wata, mutum biyu ne kaɗai a duniya suka san ta. Na juya masa baya, ina jin yatsunsa suna tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan taskar na ce ya sa wata daban, ya ce kansa ba kasuwa ba ne, wannan ɗin dai zai maimaita. Na gargaɗe shi cewa wannan kulle ba shi da makullin ajiya, ba ni da shi, wanda ya ƙera manhajar ma ba shi da shi. In ya manta, ko wani abu ya same shi, shi ke nan.

Ya ce, "Inna ta sani."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Innar da ko rediyo sai an kamo mata tasha? Shi ma ya yi murmushi, ya rufe kwamfutar, muka tashi. Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Dole in faɗi yadda Inna take da Yaya, don yaran yanzu ba lalle su gane ba. Inna tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, kuma ta riƙe ta da gaske. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, a cikin gidan nan dai, tsakar gida ɗaya. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In za ta ambace shi sai ta ce "yayanku", in ta matsu ta ce "yaron nan", har bayan ya yi furfura a gemu. Kullum da safe zai zo ya tsuguna a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa a gajarce fuskarta na kallon wani wajen, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta cin abinci a gabansa. Ni kuwa har na yi wayo a cinyarta nake barci, sunana kuma tana kiransa sau ba adadi a yini. Abin yana ci mini rai saboda shi. Na sha ce masa wannan al'ada zalunci ce, shi kuma ya ce in bar tsohuwa ta yi abin da ta gada.

Yaya bai yi doguwar jinya ba. Ciwon ciki ne ya kama shi a kasuwa, aka kai shi asibiti, aka ce hanta ce, kafin mu gama fahimtar bayanin likita an dawo mana da shi a makara. Gidan ya cika da kuka. Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ta zauna a kan dardumarta da carbi, masu gaisuwa suna shigowa tana amsawa, mata suna fita suna yaba dauriyarta. Ni kuwa raina ɓaci yake yi duk sanda na ji wannan yabon. Ɗanta ne fa. Na so ko sau ɗaya in ga ta karye.

Matar Yaya ta shiga takaba. Yaransa uku ne, manyan biyu suna makaranta, ƙaramin bai daɗe da fara haɗa magana ba. Da gida ya lafa, babbar ta fara tambayar bidiyon da Baba yake muryar kura. Uwarsu ta kira ni ɗakinta ta ce min ba don kanta take roƙo ba, ita fuskar mijinta ba za ta ɓace mata ba. Ƙaramin take ji. Babu hoton ubansa a gidan nan sai wani ɗan guntu na fasfo da ya yi kamar ba shi ba. In kwamfutar ba ta buɗu ba, yaron zai tashi bai san kamannin ubansa ba, bai san muryarsa ba.

Na ɗauko ta na kunna. Baƙin allo, da ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran kalmomi. Na gwada duk abin da na hana shi sawa, ko Allah zai sa ya ƙi jin maganata. Na gwada sunayen turarukansa, da kirarin da abokansa suke masa, da addu'ar da ya fi yawan yi. Kowane lokaci amsa ɗaya take ba ni, ba daidai ba. Kullen da na yi alfahari da shi a gaban Yaya ya tsaya mini a gaba yana aikinsa yadda na ce zai yi, ba ruwansa da maraya.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ke kula da maganar gado. Da ya ga faifan ceto a cikin kayan Yaya ya yi hamdala, ya ɗauka makullin ajiya ne. Na sha wuya kafin na fahimtar da shi cewa faifan gyaran kwaɗo yake yi, ba ya buɗewa, shi ma sai an ba shi kalmomin. Bai yarda da ni ba, ya ɗauki kwamfutar ya zaga da ita wajen masu gyara, duk suka gaya masa abu ɗaya: sai dai a wanke ta tas a zuba mata sabuwar manhaja, ta koma aiki. Baffa ba mugu ba ne. Ya ce kwamfutar tana cikin dukiyar marayu, ba zai bar ta a ajiye tana lalacewa ba alhali za a tambaye shi gobe kiyama. Ya ba ni zuwa ranar da malamin rabon gado zai zo. In ba ta buɗu ba, za a wanke ta a sa ta cikin kaya.

A nan ne maganar Yaya ta dawo mini. Na juya ta a raina na ga ba ni da wata ƙofar. Na sami Inna da hantsi tana haɗa turaren wuta a tsakar ɗakinta, tana murza itacen da hannu a cikin tasa. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, yadda kullen yake, da abin da ke ciki, da abin da Baffa ya yanke. Tana ji tana aikinta. Sai na gaya mata abin da yayanmu ya ce ranar, cewa magana ce doguwa da mutum biyu kaɗai suka sani a duniya, kuma Inna ta sani.

Hannunta ya tsaya a cikin tasar. Ta sa na maimaita mata daidai yadda ya faɗa, na maimaita. Sannan ta ce ita ba ta san komai ba, me ya haɗa ta da na'urar Bature, ta ɗauki buta ta fita, alhali lokacin salla bai yi ba.

Na san Inna. In ba ta san abu ba dariya take yi ta ce a ƙyale ta. Wannan fitar ta wanda ya sani ce. Na bi ta da magana washegari, da washegarin, tana kawar da kai. Na lallaɓa, na haɗa ta da Allah, na kawo mata maganar marayu. Ranar rabo tana matsowa, ni kuma zuciyata tana tafasa. Wata rana da yamma na kasa riƙe bakina.

Na ce, "Inna, kunyar wa kike ji yanzu? Wanda kike jin kunyarsa yana ƙarƙashin ƙasa. Yaransa ne a raye."

Ta dube ni wani irin duba da ban taɓa gani a idonta ba, ta ci gaba da jan carbinta. Na fita ina huci, na shiga ɗakina na yi kuka, rabi don Yaya rabi don haushi.

Abin da bakina ya kasa, ƙaramin yaron ne ya yi shi ba da saninsa ba. Wani abokin Yaya ya zo daga kasuwa kawo wa iyali saƙo, aka yi masa iso har bakin tsakar gida. Dogo ne, da farar riga, yana ƙamshin irin turaren shagon. Yaron ya saki abin da ke hannunsa ya ruga ya rungume ƙafafunsa yana kiran Baba. Mutumin ya rasa yadda zai yi, ya tsuguna ya ɗauke shi, idonsa ya kawo ruwa. Uwar yaron tana ɗaki ta ji, muka ji ta toshe bakinta. Inna tana zaune a bakin ƙofarta, a kan idonta aka yi komai.

Washegari bayan yara sun tafi makaranta ta kira ni. Ta ce in ɗauko abin, in sakaya ƙofa, kada kowa ya shigo. Na ajiye kwamfutar a kan tabarma na kunna, layin nan ya fito yana ƙiftawa. Inna ta zauna ta ba ni gefe, fuskarta na kallon bango, kamar yadda take yi in Yaya ya zo gaisuwa.

Ta ba ni labarin a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa. Tun kafin a haife ni ne, yayanmu yana yaro, ƙyanda ta kama shi ta yi tsanani har aka fara cire rai. Wata rana da tsakar rana kakarmu ta fita nemo magani, matan gida suna can wajen girki, aka bar shi shi kaɗai a ɗaki, jiki kamar garwashi, bai san wanda ke kansa ba. Inna ta ce ta zaga ta bayan rumbu don kada a gan ta, ta shiga, ta ɗora kansa a cinyarta. Tun da aka yaye shi ba ta taɓa shi ba sai ranar. Ta ce ta tabbata mutuwa zai yi, kuma ba ta so ya tafi bai taɓa jin ta kira shi ba. Sai ta yi masa wata 'yar waƙar reno da ta ƙirƙira tun yana jariri, wadda ba ta taɓa rerawa a fili ba. Da ta ji motsin kakarmu a soro ta kwantar da shi ta fice. Ya warke, ba wanda ya san ta shiga, ita kuma ta ɗauka zafin zazzaɓi bai bar shi ya ji komai ba.

Ta ce, "Ashe ya ji. Duk shekarun nan yana tsugunawa a bakin ƙofar nan, ashe ya ji, bai taɓa nuna min ba."

Ta goge fuskarta da gefen mayafi duk da ba hawaye a kai. Ta ce in ba wannan ba ce, to ba ta san wata ba, don babu wata magana tsakaninta da shi da ta wuce ta. Ta ce in sa hannuna a inda ake sawa.

Sai ta fara. Ba faɗa ta yi ba, rerawa ta yi, da wata siririyar murya ta yarinya da ban san tana da ita ba. Kalmar farko sunansa ce. Ina da shekaru talatin da wani abu a lokacin, ranar na fara jin sunan yayana a bakin uwar da ta haife shi, kuma ta faɗe shi ba gargada, kamar kullum tana faɗa. Na bi ta da yatsuna, ƙananan baƙaƙe, a haɗe, yadda na koya masa. Da ta kai ƙarshen baitin farko na ji a jikina tsawon ya yi daidai da abin da na ji yana dannawa ranar da na juya masa baya. Na danna.

Baƙin allon ya wuce. Na'urar ta yi 'yar ƙararta ta tashi. Na je kan taskar na sake sa kalmomin, ita ma ta buɗe, ga su nan reras, ɗaruruwa, yara da uwarsu da tsakar gidanmu, ga Yaya da hularsa a karkace yana dariya, ƙaramin a kan wuyansa. Kalmomin ba zan rubuta su a nan ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Nasu ne su biyu, ni aron kunne kawai aka yi da ni.

Na ce, "Inna, ta buɗe. Ya isa."

Ba ta juyo ta kalli allon ba, ba ta kuma daina ba. Ta wuce baiti na biyu, ta shiga na uku, waɗanda na'urar ba ta nema ba. Hannunta na dama yana kan cinyarta yana shafa wajen a hankali. Muryar ta fara karyewa, hawayen da mata suka yaba mata don ta riƙe suka zubo har suna ɗiga daga haɓarta, ba ta share ba. Ta kai ƙarshen waƙar ta koma farko, ta sake kiran sunansa.

Na ji matar Yaya tana taɓa ƙofa a hankali tana tambaya ko lafiya. Na tashi na je na riƙe ƙofar ta ciki, na ce mata ta buɗu, yaranta za su ga ubansu, amma ta ɗan jira tukuna, Inna tana magana da ɗanta.